Jinin Baba a Rumbun Sauro

Aikina shara ne, sai dai ba da tsintsiya ba. Idan aka tambaye ni a cikin mutane nakan ce da kwamfuta nake aiki, a wuce wurin, don ba kowa ke da haƙurin jin sauran ba. Gaskiyar ita ce ina cikin masu kula da wani rumbun bayanai a intanet, inda masu bincike daga ko'ina suke ajiye tsarin halittar ƙwari: sauro, ƙuda, fara, ƙudan zuma, har da ƙwaron da ke huda wake a buhu. Kowane mai rai yana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, haruffa huɗu ne kawai ake ta jujjuyawa, amma a ciki aka faɗi yadda zai kasance. Idan na'ura ta karanto na wani ƙwaro sai a turo mana, mu jera, mu ba shi lamba, mu buɗe wa kowa ya ɗauka kyauta. Rabona a cikin aikin shi ne in duba ko wani abin da ba na ƙwaron ba ya shiga cikin rubutunsa, ko na ganyen da ya ci, ko na ƙwayar cuta, ko na mutum. Idan na samu, in share.

A bana aka ce in share mahaifina.

Baba a cibiyar binciken da nake aiki ya yi duk rayuwarsa, sai dai ni a bene nake, shi kuwa a ƙasa, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin janareta. Ɗakinsa ba shi da taga. Ƙofa biyu gare shi, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Da ka shiga zafi da laima za su rufe ka, da wani wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. A kan kantoci akwai farantan ruwa cike da tsutsar sauro, a ɗaya gefen kuma kejoji na farin yadi, kowanne da hannun riga a jikinsa da ake ƙulle wa baki. Kiwon sauro shi ne sana'ar Baba. Daga masinja har Farfesa, Baban Sauro suke ce masa, kuma yana amsawa da fara'a.

Namijin sauro ruwan sukari a auduga ya ishe shi. Macen ce ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. A zamanin da Baba ya fara aiki babu wata na'urar ba su jini, saboda haka sai ya naɗe hannun rigarsa na hagu, ya kwance bakin keji, ya zura hannun har gwiwa, ya zauna a kan kujerarsa ta ƙarfe yana sauraren rediyo. Sauron a keji aka haife su, ba su ɗauke da wata cuta, amma cizo dai cizo ne. Da farko hannun kumbura yake yi, in ji Inna, har ba ya iya sa agogo. Daga baya fatar ta saba, ta yi sumul, ta ɗan fi ta dama duhu.

Inna ba ta taɓa yafe wa wannan aiki ba.

"Mazan mutane suna kashe sauro, ni nawa shayar da su yake," haka take cewa duk lokacin da maƙwabta suka zo hira. "In dafa, in ba shi ya ci ya yi jini, ya kwashe ya kai wa 'ya'yansa na can."

Abin dariyar shi ne, a gida babu wanda ya kai Baba kashe sauro. Da ya ji kukan ɗaya zai tashi da takalmi a hannu, ya bi shi har bayan labule. Na taɓa ce masa, "Baba, ashe ba 'ya'yanka ba ne?" Ya harare ni ya ce, "Waɗannan? 'Yan tasha ne, Auta, ba su da tarbiyya. Nawa ko sau ɗaya ba su taɓa yi wa mutum kuka a kunne ba."

Yana da doka ɗaya a gidanmu wadda ba ta da sassauci: ba a tafiya da yunwa. Ko makaranta za ka, ko tasha, ko asibiti, sai ka sa wani abu a ciki. Baƙon da ya ce sauri yake yi, Baba zai tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi da gutsuren burodi, ba zai matsa ba sai an karɓa. Mai gyaran famfo ya sha, mai kawo takardar wuta ma ya sha. Yayana ya taɓa rasa motar safe saboda wannan shayi, ya yi kwana da kwanaki yana kumbure-kumbure. Dalilin kuwa mun ji shi har mun haddace. Ranar da Baba ya zo neman aiki yana saurayi, a bayan babbar mota ya yi tafiyar, babu abin da ya shiga cikinsa, yana isa ƙofar cibiyar ya yanke jiki ya faɗi. Maigadi ne ya ɗaga kansa ya ɗura masa shayi. Tun daga ranar ya ɗauki yunwar matafiyi a matsayin abokiyar gabarsa.

Ina makarantar sakandare aka yanke shawarar karanta tsarin halittar sauron da Baba ke kiwo. Babban aiki ne a lokacin, don irin sauron nan ya fara ƙin jin magani, ana son a gano dalili. Na'urar karantawar tana wata ƙasa mai nisa. Farfesa, shugaban sashensu, ya sauko da kansa har ɗakin Baba ya yi masa bayani dalla-dalla: a ware mata, a ba su ruwan sukari kawai, kada su ɗanɗana jini, sannan a sa su a firiza, a zuba a ƙananan kwalabe cikin ƙanƙara, a aika. Baba ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, don Baba ba mutum ne mai wasa da aiki ba.

Sai dai da safiyar ranar ya tsaya a gaban kejin, ya ga sun maƙale a jikin yadi ta ɓangaren da yake tsaye, suna jin ɗumin jikinsa. Ya san inda za su. Daga firiza sai jirgi, daga jirgi sai a niƙe su. Tafiya ce da babu dawowa, kuma cikinsu babu komai sai ruwan sukari.

"Ban bari sun ƙoshi ba," haka yake cewa duk lokacin da ya ba da labarin. "Ɗan taɓa baki kawai. Wallahi ko minti ban cika ba na zare hannuna."

Bayan watanni Farfesa ya aika a kira shi ofis. Baba ya ce bai taɓa ganin fuskar mutumin haka ba.

"Baban Sauro, zauna. Sakamako ya dawo. Sauronmu sun zo da rubutun ɗan Adam a cikinsu. Ka san yadda aka yi?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, tafiyar da nisa."

"Tafiyar da nisa," Farfesa ya maimaita. Ya cire tabarau ya dafe goshi. "Ka san mutum nawa suka sa ƙarfinsu a aikin nan? Na'urar ba ta san sauro ba, ba ta san ka ba. Abin da aka ba ta take karantawa. Ta karanta su, ta karanta ka, ta cakuɗa ku wuri guda."

Farfesa yana da gaskiya, Baba ma bai taɓa cewa ba shi da ita ba. Ranar ya dawo gida bai kunna rediyo ba, bai taɓa abinci ba. Mun yi zaton korarsa za a yi. Inna, wadda ta yi shekaru tana addu'ar Allah ya raba shi da sauro, ita ce ta fi kowa shiga damuwa. A ƙarshe takardar gargaɗi aka ba shi. Masana suka zauna suka tsince abin da za su iya tsincewa, amma kayan aikin lokacin ba su kai na yanzu ba. Farfesa ya gaya masa cewa an fitar da mafi yawa, saura kuwa sun maƙale a tsakanin na sauron, ba a iya bambance su. Haka aka ɗora aikin a rumbu.

Ni ce na fara nuna masa shafin, a wani shagon intanet da ke bakin titinmu. Ya sa rigarsa ta fita unguwa don wannan ɗan tattaki. Ga hoton sauro a sama, ga lamba, ga jerin sunaye: Farfesa, da mataimakansa, da waɗansu Turawa. Baba ya bi sunayen da yatsa har ƙasa, ya sake bi. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ba su sa ka ba. Kai da ka ba su jininka!"

Ya ce in buɗe masa ainihin rubutun. Na danna, haruffa suka cika fuskar kwamfutar, layi bayan layi, babu farko babu ƙarshe. Ya matso da kujera ya daɗe yana kallo.

"Farfesa ya ce ina cikin nan?"

"Haka ya ce."

"A ina?"

"Ba wanda ya sani, Baba."

Sai na ga murmushi yana taso masa a hankali. "To, bar musu sunan. Su a bakin ƙofa aka rubuta su. Ni ina cikin ɗaki."

Daga ranar abin kunya ya koma abin alfahari. Babu wanda bai ji ba. Mai aski ya ji, mai gyaran rediyo ya ji, direban tasi da ya yi kuskuren tambayarsa aikin da yake yi ya ji har ya wuce inda zai sauke shi. "Yanzu haka," in ji Baba, "wani yana can ƙarshen duniya yana sauke ni a kwamfutarsa. Ni da ko jirgi ban taɓa hawa ba." Inna takan ce, "Kai dai ka ɓata wa mutane aiki, ka dawo kana tinƙaho." Ya ce, "Ke kishi kike yi, ba kya intanet."

Ina ganin saboda wannan zama a shagon ne na karanci abin da na karanta. Na so in gane haruffan da suka sa mahaifina murmushi. Da na gama, aka ɗauke ni aiki a sashen rumbun, a bene, daidai saman ɗakinsa. Ya riƙa gaya wa mutane, "Auta ce maigadina yanzu."

Shekarunsa na ƙarshe a wurin aiki ba su yi masa daɗi ba. An kawo na'urar ba sauro jini, wani ɗan kofi mai siririyar fata a ƙasa, ana ɗumama jinin dabba a ciki. Aka kafa doka cewa kada wanda ya sake zura hannu a keji. Doka ce mai kyau, ni ma da ni ce shugaba ita zan kafa. Amma Baba ji ya yi kamar an ce wa uwa ta yaye ɗanta da rana tsaka. Da farko sauron suka ƙi na'urar, ya zauna yana kallonsu da hannun riga a sauke har wuyan hannu, yana ce musu, "Ku yi haƙuri ku sha, zamani ne." Suka sha. Ina jin wannan ya fi yi masa ciwo a kan ƙin shan da suka yi. Ba da daɗewa ba ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango da takardar yabo.

Bai ci ritayar da daɗi ba. Wata safiya yana ɗaure igiyar shanya a tsakar gida ya zame ya zauna, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ɓarin hagu ta kama. Hannun nan da ya ciyar da zuriya bayan zuriya ya koma kaya, sai dai ya ɗauko shi da na dama ya ɗora a cinya. Wani lokaci nakan same shi yana shafa fatar, yana kallonta kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya. Magana ta yi masa nauyi, ya rage ta sosai. Amma kullum na dawo daga aiki, kafin in ajiye jaka, zai ɗago kai daga kujerarsa.

"Ina nan?"

"Kana nan, Baba."

Shi ke nan, sai ya koma ya jingina. Abokansa sun ragu, rediyon ya daina fahimtarsa sosai, cibiyar ta cika da yaran da ba su san shi ba. Wannan tambaya ce ta rage masa, ko har yanzu yana cikin rumbun. Wata rana da yamma ina yanke masa farce ya riƙe wuyan hannuna da na damansa, da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"Auta. Kada ki bari a fitar da ni."

Na san aikina, na san kayan aikin suna ƙara kaifi kowace shekara. Amma mahaifina ne, ga hannunsa a cinyata kamar tsumma. Na ce, "Ba mai taɓa ka, Baba, ai ni ce maigadi." Ya yi 'yar dariyarsa ta gefen baki.

Da damina ya rasu. Bayan mutane sun watse, gida ya yi shiru, na koma aiki. Ranar farko da na dawo, Inna tana zaune a bakin kicin tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Yana nan?" Na tsaya da jaka a kafaɗa. Matar da ta yi rayuwarta tana tsine wa sauro ce ke tambaya. Na ce, "Yana nan, Inna." Tun daga ranar ta gaji tambayar. Wani lokaci takan ce in buɗe mata a waya, ta kalli haruffan da ba ta san kansu ba, ta ce, "Allah sarki," ta miƙo mini.

Abin ya zo ta hanyar wani saƙo daga wata ɗaliba a wata ƙasa. Ta rubuto cikin ladabi, amma ana jin kuka a cikin rubutun. Ta ce ta samu wani yanki a tsarin sauronmu da ba a taɓa gani a jikin wani ƙwaro ba, ta ɗauka shi ne sirrin ƙin jin magani, ta ɗora karatun digirinta a kansa. Ta yi ta nemansa a jikin sauro masu rai ba ta samu ba. Sai da lokacinta ya kusa ƙarewa ta gwada shi da na ɗan Adam, ya dace ɗaf. Ta ce ba ƙara take kawowa ba, tana so ne kada wani ya sake faɗawa ramin da ta faɗa.

Shugabar sashenmu ta turo mini saƙon, ta ce in bi tsohon aikin da sabuwar manhajar tacewa. Na san abin da zan gani, amma na sa. Kafin in gyara zama ta fito da su, gutsattsari gajeru da dogaye, a warwatse cikin na sauron, kowanne an ja masa jan layi, a gefe an rubuta cewa gurɓata ce daga jinin mutum. Tambayar da ya yi mini a shagon intanet, a ina, ga amsarta a gabana, shi kuwa babu shi. Na rufe ƙofar ofis na yi kuka mai isata.

Na je na samu shugabar. Mace ce mai kirki, ta san Baba, ta sha shayinsa. Na gaya mata komai, har da alkawarin.

"Na sani," ta ce. "Duk tsofaffin cibiyar nan sun san labarin."

"To a bar shi mana. A sa alama a gefe, a ce wannan na mutum ne, kowa ya kiyaye."

"Wa ke karanta alama? Ke ma kin sani, mutane sauke rubutun suke gaba ɗaya su zuba a na'ura. Yarinyar nan ta yi asarar shekarunta. Gobe wani ne, kuma maganin sauron da ake nema na yaran mutane ne da zazzaɓi ke kashewa." Sai ta sassauta murya. "Kuma akwai doka, ba a barin rubutun jikin mutum a fili. Ba nasa ne shi kaɗai ba. Rabinsa naki ne, da na yayanki, da 'ya'yansa. Su an tambaye su?"

"Shi ya yarda. Shi ma ya roƙa."

"Rumbun sauro ne, 'yar uwa. Ba maƙabarta ba ce."

Maganar ta yi mini zafi, na ji kamar in ɗauki abin da ke kan teburinta in jefar. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu ko kalma ɗaya a ciki da zan iya ƙaryatawa. Da wata ce ta kawo mini irin wannan roƙo a kan mahaifinta, amsar da zan ba ta ke nan. Shugabar ta ce idan ba zan iya ba za ta ba wani ya yi, kuma za a iya kwafe mini gutsattsarin in ajiye a wurina. Na ce kada ta ba kowa. Idan dole sai an fitar da shi, ba baƙo ne zai fitar da shi ba.

Da na isa gida Inna tana ninke kaya a ɗaki.

"Yana nan?"

Na zauna a bakin gado. "Yana nan, Inna. Amma gobe za a fitar da shi."

Ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta har ta gama. Na yi mata bayanin ɗalibar, da dokar, da jikokinta. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne.

"Yarinyar ta wahala?"

"Sosai."

"Da yana raye da ya ji kunya." Ta ɗora zanen a kan sauran. "Na gaya masa tun a lokacin, tausayinsa ba ya da ido."

Na ce an yarda a kwafe mana, mu ajiye a gida. Ta girgiza kai. "In yi me da shi a aljihun tebur? Ga hularsa nan, ga agogonsa, ga takalminsa, duk ina da su. Shi ba ajiya ya ce a yi masa ba. Cikin jama'arsa yake son zama, inda duniya ke zuwa tana ɗauka." Ta dube ni. "Wa zai yi?"

"Ni."

"To, ki tashe ni da wuri. Zan raka shi."

Inna ba ta taɓa shiga cibiyar ba. Duk tsawon aikin Baba iyakarta bakin ƙofa, ta ce ba za ta shiga gidan da ake renon sauro ba. Da safen ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta riƙo wata jakar leda da ban tambaye ta abin da ke ciki ba. Maigadi ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Da muka zo gindin bene ta tsaya ta kalli dogon barandan da ke ƙasa.

"Can ne?"

"Can ne, ƙofar ƙarshe. Za ki gani?"

"A'a. Mu hau."

Na ba ta kujerata, na jawo wata. Na buɗe mata shafin, na nuna mata jajayen layukan. Ta sa tabarau ta matso, kamar yadda ya matso a shagon nan.

"Duk wannan ja ɗin shi ne?"

"Shi ne."

"Ashe da yawansa." Ta kai yatsa ta taɓa gilashin a kan layi ɗaya, ta bi shi a hankali har ƙarshe. "Ya ce ɗan taɓa baki. Maƙaryaci. Ƙoshi ya ba su."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na toshe bakina. Ta bar ni har na natsu. Na shirya komai, saura dannawa ɗaya, sabon rubutu mai tsabta ya hau, tsohon ya sauka. Na ɗora hannu.

"Dakata," in ji Inna.

Ta buɗe jakar ledar. Ta fito da filas, da kofinsa na ƙarfe mai lotsattsen gefe, da burodi a naɗe cikin takarda. Ta matsar da takarduna gefe, ta zuba shayin, ta sa sukari cokali biyu yadda yake so, ta juya. Ta gutsuri burodin ta ɗora a kan takardar, ta tura su gaban kwamfutar, daidai ƙarƙashin jajayen layukan. An hana kawo abinci kusa da na'urori a ofishinmu, akwai sanarwa a bango. Na ƙyale ta.

"Mutumin nan bai taɓa barin ko sauro ya yi tafiya da yunwa ba," ta ce. "Ba za a ce daga hannunmu ya tafi haka ba."

Muka zauna muna kallon tururin yana tashi. Ba ta yi addu'a da ƙarfi ba, leɓɓanta kawai ke motsi. Can ta share ido da gefen mayafi, ta gyaɗa mini kai.

Na danna. Abin bai ɗauki lokaci ba. Shafin ya lumshe ya dawo, ga hoton sauro, ga lamba, ga sunayen Farfesa da mutanensa yadda suke. A ƙasa an ƙara ɗan layi cewa an tace wannan rubutu daga gurɓata. Na buɗe haruffan, baƙaƙe ne duka daga sama har ƙasa.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta cire tabarau ta mayar cikin gidansa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Ta rufe filas ɗin ta sa a jaka. Kofin da burodin ta bar su a inda suke, ni ma ban taɓa su ba har na tashi aiki. Da yamma na koma gida na same ta a bakin kicin. Ta ɗago kai, ta buɗe baki kamar kullum, sai ta tuna. Muka kalli juna.

"Kin dawo," ta ce.

"Na dawo, Inna."